Muryar Mai Rubutu

Ku tsaya ku ji tukuna, kafin ku ce na cika bin ƙwaƙwaf. Kowace a cikinku ta sa kanta a matsayina: mutum yana neman aurenki, manya sun shiga maganar, kullum saƙonsa ne ke tashinki da safe, amma ko sau ɗaya ba ki taɓa jin muryarsa ba. Ba kira, ba saƙon murya, ko tarinsa ban taɓa ji ba. Kuma a rasa wadda za a haɗa da irin wannan bawan Allah sai ni, da ƙawayena ke kira Rediyo saboda in na buɗe baki sai an haɗa ni da Allah nake rufewa.

A wayata "Mai Rubutu" na sa masa. Sai bayan na taho karatu ƙasar nan aka fara maganar, don haka ban taɓa ganin sa ido da ido ba. Ɗan aminin Kawuna ne, zanen gidaje ne aikinsa. Hotunansa kam na gani har na haddace: dogo, baƙi, yana sa gilashi, ga wata 'yar wushirya da ba ta fitowa sai ya yi dariya sosai. Rubutu kuwa, wayyo Allah, ya iya rubutu. Akwai ranar da na yi masa ƙorafin sanyi yana hana ni barci, sai ya ce in ɗauko masa hoton ɗakina ta kowace kusurwa. Ya duba, ya ce gadona ya manne wa taga, in ja shi zuwa bangon da bututun hita ya bi, in kuma toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul. Na yi yadda ya ce, na yi barcin da rabona da shi tun zuwana. Ku gaya min, wace zuciya ce ba za ta karkata ba?

Amma duk ranar da na kira shi, sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse, can saƙo ya shigo: "Ranki ya daɗe, ina cikin mutane. Rubuto min, ina nan." In na tura masa saƙon murya mai tsawon wa'azi, zai saurara tsaf, ya bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya ya amsa, har da waɗanda ni kaina na manta na faɗa. A rubuce.

Abba ya riga ya ce ba zai karɓi gaisuwar kowa ba sai na ce to da bakina, don haka ba wanda ke min dole. Sai dai Umma ta iya matsa wa mutum cikin ruwan sanyi.

"Ke 'yar nan, Kawunki ya sake tambaya. Mutanen nan suna so su zo gaisuwa ƙarshen wata. Me zan ce masa?"

"Umma, ni fa ban taɓa jin muryarsa ba."

"Murya za ki aura?"

"To ke kin taɓa ji?"

Ta ɗan yi shiru. Na san shirun Umma kala-kala ne, wannan na neman hanyar fita ne.

"Na ji mana. Yaro ne mai kunya, ba shi da yawan magana. Ke da kike da ta mutum goma, ai kun daidaita."

"Umma, akwai abin da kuke ɓoye min?"

"Tukunyata tana kamawa," ta ce, ta kashe wayar.

Ranar na rantse wa kaina: ina son sa, wannan ban ɓoye muku ba, amma ba zan ce to ba sai na ji muryarsa da kunnena.

Abokiyar ɗakina muna ce mata Likita, ko da yake har yanzu tana aji uku a karatun likitanci, kuma in ta ga jini da yawa sai ta nemi kujera. Ita kaɗai ta san damuwata, kuma ba ta taimaka min da komai ba sai ƙarin wasi-wasi. Tana zaune a kan gadonta da ƙaton littafi a cinya za ta ɗago kai ta ce, "Na gano. Siririyar murya gare shi, irin ta yara."

"Allah ya kiyaye."

"To tsoho ne, hotunan na ƙuruciyarsa ne."

"Wushiryar fa? Na ga sabon hoto da ita."

"To ba shi ke rubutun ba. Ƙanwarsa ce. Wata shida kenan kina soyayya da ƙanwarsa."

Na jefe ta da matashin kai, amma wallahi maganar ta kwana a raina. Har na fara bin saƙonninsa ina duba ko akwai ƙamshin hannun mace a ciki.

Ana haka ranar haihuwar Likita ta matso. Wannan ne karo na farko da za ta yi ta ba a gida ba, kuma na lura tun farkon satin take yawan tsayawa a taga tana kallon titi. Sai na ce bari in haɗa mata abin da zai sa ta kuka mai daɗi. Na ɗauki lambobin danginta a wayarta lokacin da take wanka, na buɗe guruf na hira a wayata na zuba su ciki: mahaifiyarta, ƙannenta, ƙanwar babanta, da jikan da ke riƙe wa kakarta waya. Na ce kowa ya ɗauko ɗan gajeren bidiyo yana taya ta murna, za mu haska mata a talabijin ranar Asabar da yamma. Na kuma yi musu alkawarin za a ɗauki fuskarta lokacin da take kallo, a turo musu da zafi-zafinsa.

Ina cikin tsara wannan ne shaiɗan ya raɗa min wata dabara. Na zauna a bakin gado ina kallon wayar, zuciyata tana cewa, ke Rediyo, ga dama ta samu. Ba don kaina zan roƙa ba, don ƙawata ne. Wane mutumin kirki ne zai ƙi taya baiwar Allah murna a ƙasar da ba ta da kowa?

Na sa Mai Rubutu a guruf ɗin, sannan na bi shi ta gefe.

"Yallaɓai, na sa ka cikin 'yan taya murna. Ɗan bidiyo kawai, ko gaisuwa ce. Likita za ta ji daɗi, kullum sai ta tambaye ka."

Ya karanta nan take. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Mutumin da ke ba ni amsa kafin in ajiye waya, ranar har na idar da sallar la'asar bai ce komai ba. Can sai ga shi: "In na rubuta mata, ki karanta mata da wannan muryar taki mai daɗi, bai yi ba?"

"Bai yi ba. Kowa bidiyo zai yi, har kakarta."

"To. Allah ya kai mu."

Ko ɗigon dariya bai sa ba. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma son sani ya danne shi.

Bidiyoyi suka yi ta shigowa. Na mahaifiyarta ya sa ni hawaye tun kafin ranar. Ƙannenta sun yi mata waƙa, ƙaramin yana ta ƙoƙarin ture na gabansa don fuskarsa ta fito. Nasa kaɗai ne shiru. Ranar Juma'a na tuna masa, ya ce yana sane. Safiyar Asabar saƙonsa na gaisuwa ya zo kamar kullum, har da tambayar ko na sayi kyandir, amma bai ce uffan a kan bidiyo ba. Ni ma na ja aji ban tambaya ba, a raina ina cewa, shi ke nan, Likita ta yi gaskiya, ƙanwarsa ce.

A falon da muke haɗawa da sauran 'yan hawanmu muka shirya. Mun ture dogon teburin cin abinci jikin bango, muka shimfiɗa masa sabon zanen gadona saboda ba mu da abin rufe tebur. Balan-balan ruwan hoda da fari, ni na hura su har kaina ya yi ta juyawa. Na dafa shinkafa da kaza a tukwane biyu, ɗayar aro ce daga hawa na ƙasa, murfinta ma faranti ne. Kek ɗin kuwa mai shago ya rubuta gaisuwar da yarensu, har yau ban tabbatar da abin da ya ce ba. Muka yi ta muhawara a kan kyandir, don na'urar hayaƙin da ke jikin silin ba ta da mutunci, ko burodi ka ƙona sai ta tara maka jama'ar gini gaba ɗaya a waje cikin sanyi. Aka tsayar da cewa guda ɗaya za a kunna, kusa da taga.

Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma wadda Umma ta ɗinka min kafin in taho, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, na yafa farin mayafi, ƙafata kuwa safar sanyi ce mai kauri har biyu, don gayu bai kai ƙasa ba a garin nan. Likita muka tura ɗakin karatu da ƙaryar cewa wata tana neman ta. Da ta dawo ta turo ƙofa, ta gan mu tsaye mu wajen goma muna ihu, sai ta saki jakarta ta rufe fuska da hannu biyu.

"Rediyo, aikinki ne wannan. Allah ya isa tsakanina da ke," ta ce, tana dariya tana kuka.

Akwai wata 'yar ajinmu da muke kira 'Yar Jarida, don ko atishawa ka yi sai ta ɗauka a waya. Ita na ba aikin ɗaukar fuskar Likita, na sa ta a guruf ɗin, na ce kowane bidiyo ya ƙare ta tura musu nan take. Sannan na haɗa wayata da talabijin ɗin falo ta sabis ɗin ginin. Sabis ɗin nan kuwa kowa ya san halinsa, in mutane sun yi yawa sai ya dinga riƙe hoto.

Muka fara da mahaifiyarta. Falo ya yi tsit, Likita ta jiƙa gefen mayafinta sharkaf. Ƙannenta suka dawo mana da dariya. Da aka zo kan kakarta, tsohuwa ta buɗe baki za ta sa albarka, sai hoton ya tsaya cak, bakinta a hangame, idonta ɗaya a rufe. Me za mu yi in ba dariya ba? Har Likita sai da ta riƙe ciki. Na ja bidiyon baya, na sake saki, ya wuce lafiya, kaka ta yi addu'arta muka ce amin.

Ina shirin cire wayar sai ta yi ƙara a hannuna. Mai Rubutu. Bidiyo.

Jama'a, gabana ya faɗi. Hankali ya ce min, shiga ɗaki ki kalla ke kaɗai. Amma hoton farkon bidiyon ya riga ya bayyana a talabijin, ƙato, kowa yana gani.

"La! Wannan ne shi?"

"Rediyo, ashe haka kika iya zaɓe?"

"Saki mu ji! Saki!"

Likita ta kalle ni da jajayen idanunta, ta ɗaga gira. Ita ma son jin take yi kamar ni. Na danna.

Yana zaune a ofishinsa, bayansa manyan takardun zane a naɗe, ga fanka mai ƙafa a gefensu. Farar riga ya sa, an goge ta har tana ɗaukar ido, kai ka ce wurin ɗaurin aure za shi. Ya gyara gilashi, ya kalli kyamara, ya yi murmushi, wushiryar ta ɗan leƙo. Ya yi sallama, muryar ta fito a hankali, mai kauri, mai sanyi. Na ji tsigar jikina ta tashi. Ashe haka take! Ba siririya ba ce, ba ta tsoho ba ce. 'Yan mata suka amsa sallamar da shewa.

Ya ce, "Ina t..."

Sai ya tsaya. Bakinsa a ɗan buɗe, haƙoransa a haɗe, idonsa a kan kyamara.

"Kai, sabis ɗin nan!" wata ta ce.

"Ya bi sawun kaka!"

Falo ya sake fashewa da dariya. Ni ma na yi, wallahi na yi, har da tafa hannu, don daɗin jin muryar bai sake ni ba. Na ɗaga murya yadda na saba, na ce, "Ku yi haƙuri, ango ya maƙale! Wata shida ina jira ya yi magana, yau ma sai an tura shi. Bari in ja shi gaba."

Aka ƙara ƙyalƙyalewa. Na ja bidiyon baya kaɗan kamar yadda na yi wa kaka, na saki. Sallama. "Ina t..." Ya sake tsayawa a daidai wurin.

Na kai yatsa zan sake ja, sai idona ya sauka a kan fankar da ke bayansa. Tana juyawa. Gefen wata takarda yana kaɗawa da iskarta. Na dawo da kallona kansa. Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa, yatsunsa suna buga ta a hankali, jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suna ƙiftawa da sauri. Komai na cikin hoton yana motsi. Kalmar ce ta ƙi fita.

Na janye yatsana. Ban san lokacin da na ce "Ku yi shiru" ba, kuma ban taɓa jin muryata ta fita a haka ba. Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

"...t-t-taya ki murna," ya ce, ya sauke numfashi. "Allah ya ƙ... ƙ... ƙaro shekaru masu albarka. Allah ya b-ba da sa'ar karatu."

Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, amma bai sunkuyar da kai ba, bai yanke bidiyon ba. Likita ta ce "Amin" a hankali, ita kaɗai. Sai ya sake gyara gilashi, murmushin ya dawo, amma wannan karon na gane ba na Likita ba ne.

"Ke kuma, m-mai haɗa bidiyo. Ga ta nan. K-kin ji ta. Ba ni da w... wata."

Hoton ya ɗauke. I'ina ce. Abin da Umma ta ɓoye a bayan tukunyarta ke nan. Kuma tun ranar da na roƙe shi ya san ba don Likita na roƙa ba, amma ya goge riga ya zauna ya yi min. Allah kaɗai ya san sau nawa ya ɗauka yana gogewa kafin ya turo wannan.

Babu wadda ta iya kallon wata. Can 'Yar Jarida ta matso kusa da ni, fuskarta kamar an watsa mata ruwa.

"Rediyo... na riga na tura."

"Kin tura me?"

"Na farkon. Inda ya tsaya muka yi dariya. Kin ce in dinga turawa da zafinsa, ni kuma na ga abin ya ba da dariya, sai na yanke na tura kafin ki sake saki."

Na fizge wayata daga kan tebur. Ga shi nan a guruf, a gaban mahaifiyar Likita da ƙannenta da kowa. Na danna, muryata ta fito tar, ta fi ta kowa ƙarfi: ango ya maƙale. 'Yar Jarida ta goge shi da sauri, amma kafin ta goge na riga na duba waɗanda suka gani. Sunansa ne a sama.

Kunya na sani, na sha jin ta, amma irin wannan ban taɓa ji ba. Ji na yi kamar in cire bakin nan nawa in ajiye a kan tebur in tafi in bar shi. Na fita daga falon ba tare da na kalli kowa ba, na tura ƙofar matakalar bene, na zauna a kan siminti mai sanyi da rigata mai duwatsu. Hasken yamma yana shigowa ta wata 'yar taga, ƙamshin kazata yana biyo ni ta ƙasan ƙofa.

Kafin in san abin da zan ce, saƙonsa ya shigo.

"Ba komai, ranki ya daɗe. Kada ki sa a ranki, ba yau aka fara ba, kuma na san ba ki sani ba. Ni na roƙi su Umma kada su gaya miki, na ce zan faɗa da kaina, sai na yi ta ɗagawa saboda ina jin daɗin yadda kike ɗauka ta a rubuce. Laifin nawa ne. Zan samu Kawu gobe in ce a dakata da maganar. Ki koma wurin ƙawarki, kada a yanka kek ba ke."

Na karanta, na sake karantawa. Ko a nan ma sai da ya tuna da kek. Na tambayi kaina tsakani da Allah, don ba na so in cuce shi sau biyu a rana ɗaya: ke Rediyo, wannan abin da kike ji, tausayi ne ko so? Za ki iya zama da mutumin da gaisuwa kaɗai za ta ɗauke shi lokacin da ke kin ba da labari uku? Na rufe ido na kawo gobe da safe a raina, wayata a gefen gado babu saƙonsa, jibi ma haka, har ƙarshen karatuna. Abin da na ji ba tausayi ba ne, tsoro ne tsagwaronsa. Bayan tsoron kuma sai haushi ya taso. Wato shi zai ɓoye, shi zai bayyana, sannan shi zai yanke hukunci a dakata, duk a rubuce cikin lafazi mai daɗi, ni kuma in karanta in yi shiru?

Na kira shi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, ta katse. Alamar rubutu ta fito, na riga shi.

"Kada ka rubuto min komai. Ɗauki wayar."

Na kira. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sai aka ɗauka. Bai ce komai ba, amma ina jin numfashinsa, ina jin kaɗawar fankar nan a bayansa.

Sai bakina ya ɓalle. Na ce ya yafe min, na ce wallahi na ɗauka sabis ne, na ba shi labarin kaka da bakinta a hangame, na ce dabarar bidiyon ma rashin kunya ce, na ce Umma ma da laifinta, na ce muryarsa ta fi yadda na zata daɗi, na ce ban san me ya sa nake gaya masa wannan ba. Ina cikin zuba sai na ji kaina, na ji yadda na cika layin gaba ɗaya ban bar masa ko ƙofar shiga ba. Na haɗiye sauran.

"Yallaɓai," na ce, "in da gaske kana so a dakata, na yarda. Amma ba a rubuce ba. Faɗa min da bakinka."

Na ji ya ja numfashi.

"B... b..."

Kalmomi suka taru a bakina, guda biyar na tanadar masa, kowace tana neman fita ta ƙarasa masa zancen. Na cusa gefen mayafina a baki na cije.

"B-ba na..."

Ba na me? Sanyin simintin ya ratsa rigata, ban motsa ba.

"Ba na s... so a dakata." Ya sauke numfashi mai nauyi. "Amma s-sai kin sani, haka z... z..."

Ƙofar matakalar ta buɗe. Likita ce, da wuƙar yanka kek a hannu, idonta duk ya kumbura, bayanta 'Yar Jarida tana leƙe ba waya a hannunta.

"Rediyo, kyandir ya kusa ƙarewa, kowa ke yake jira," ta ce da raɗa. "Lafiya? Me ya ce?"

Na cire mayafin daga bakina. Ban rufe wayar da hannu ba, ban kuma rage murya ba.

"Ku yanka kawai, ku ajiye min nawa. Wanda zan aura yana magana, bai gama ba."

Likita ta dafe baki, ta ja ƙofar a hankali ta rufe. A can ɗaya ɓangaren shiru ya yi tsawo, har na duba fuskar wayar ko ta katse. Ba ta katse ba. Na mayar da ita kunnena, na gyara zama na jingina da bango, na ji ya ja numfashi ya sake ɗauko kalmar daga farko.